Ƙanwata mai son aikin jaridar da ya shafi matsalolin duniya, ga amsarki

Wata ɗaliba da ke ajin ƙarshe a sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Jos ta turo min tambaya, na ga ba ita kaɗai ke da irinta ba shi ya sa zan amsa a fili amma ba zan kama suna ba. A taƙaice ta ce: Anti saura kaɗan mu gama, kuma ni gaskiya ba na son aikin nan na bin bayan gwamna ana yanke ƙyalle, ina son aikin jaridar da ya shafi manyan matsalolin duniya kamar sauyin yanayi da 'yan gudun hijira da lafiyar yara, in yi wa manufofin duniya hidima, shin in nemi mastas a waje tukuna ko in fara neman BBC ko Al Jazeera, sannan ana ma iya cin abinci da irin wannan aikin kuwa?

Toh ƙanwata, Allah Ya sa a gama lafiya. Burin ki mai kyau ne kuma ba zan kashe miki gwiwa ba, amma akwai gyara tun daga tushe, domin yadda kika jero tambayar kamar kina ganin matsalolin duniyar suna can Janeba ko New York ne sai kin hau jirgi za ki same su. Ai kina zaune a kansu. Abinda manyan kafafen waje ke kashe dubban daloli su turo mutum daga Landan ya zo ya nema, ke da kuɗin keke napep za ki isa wurin, kuma kina jin yaren mutanen, shi kuwa sai an yi masa tafinta.

Ɗauki gubar dalma ta Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu. Me ya jawo? Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya bayan rikicin tattalin arziki na 2008, sai mutanen ƙauye suka duƙufa haƙa, suna kawo duwatsun cikin gida ana daka ana niƙa, ashe dutsen cike yake da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Kinga farashin da ake yankewa a Landan shi ne ya shiga turmin wata baiwar Allah a ƙauyen Dareta. Garin Bagega ma sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar sa, bayan an yi ta matsa wa gwamnati lamba ta saki kuɗin. Wannan shi ake kira labarin duniya, kuma duk wanda yake Gusau a lokacin yana da kunne da ƙafa ya fi kowa kusa da shi.

Ke kuma Jos kike, garin kuza. Bari in ɗan daɗe a nan don in da ni ce ke da shi zan fara. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka kafa kamfanonin haƙar kuza a Filato, da su aka gina Bukuru da Barikin Ladi da ita Jos ɗin kanta, da yawan mu ma kakannin mu aikin kuza ne ya kawo su. Kasuwar ta fara ja baya, ta ƙarasa rushewa a 1985, kamfanoni suka tattara suka bar ramuka birjik da suka cika da ruwa, waɗannan kududdufan da kike gani in kin bi hanyar Rayfield ko Bukuru, wanda duk shekara sai kin ji yaro ya nutse. Yanzu kuza ta sake yin daraja saboda da ita ake liƙa wayoyin cikin waya da kwamfuta da farantan sola, shi ya sa matasa da mata suka koma ramuka da shebur da igiya da bokiti, ana jin labarin ruftawa, har a farkon 2025 gwamnatin jiha ta dakatar da haƙar na wani lokaci.

Yadda za ki yi shi: ki je bakin ramin da safe ba da rana ba, ba tare da kin fito da kyamara ba a zuwan farko. Ki zauna wurin matan da ke wanke ƙasar a kwano, ki tambayi nawa ake biyan su, a kilo ne ko a yini, wa ke da injin jan ruwa, wa ke da filin, nawa mai filin ke karɓa. Daga nan ki bi buhun. Akwai mai sikeli da ke saye a bakin rami, shi kuma yana kaiwa shagon masu tacewa a cikin gari, ki tsaya ki ga nawa ya saya nawa ya sayar, ki rubuta a littafi a gaban idon ki ba wai ance ba. Daga shagon kaya na tafiya Legas a loda a jirgin ruwa zuwa masana'antun narkarwa a Asiya. Sai ki buɗe intanet ki duba farashin tan ɗaya a kasuwar ƙarafa ta Landan a wannan ranar, ki raba ki ga nawa kilo ya kama, ki ajiye shi kusa da abinda matar nan ta karɓa. Wannan tazarar ita ce labarin ki. Sannan ki zo ɓangaren takarda, wanda yawancin yaran mu ke gudu saboda ba ya da daɗi: ofishin rajistar lasisin ma'adinai na tarayya da ke nan Abuja shi ke riƙe da bayanin wa aka ba lasisi a ina, hukumar rajistar kamfanoni CAC za ta nuna miki su wa ke da kamfanin, hukumar bin diddigin kuɗaɗen mai da ma'adinai NEITI na fitar da rahoton abinda aka biya gwamnati daga ma'adinai. In sun ƙi ba ki bayani akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da Jonathan ya sa wa hannu, ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Sau da yawa ba za su amsa ba, kar ki damu, ki tabbata dai an buga miki hatimin karɓa a kwafin wasiƙar ki, shirun nasu ma layi ne a cikin rahoton.

In kuza ba ta kwanta miki ba ga dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, ki je kasuwar Farin Gada ki ji abinda dillalai ke cewa kan cutar da ke ƙona ganye in damina ta yi yawa, da yadda taki ya yi tashin gwauron zabo bayan yaƙin Rasha da Yukren a 2022 saboda wani sinadarin haɗa takin daga can ake kawo shi. Ga litiyom a Nasarawa maƙwabciyar ku da ake haƙa don batirin motocin lantarki. Abu ɗaya dai za ki zaɓa ki riƙe shi shekara biyu ko uku har ya zama in an ambaci abin sunan ki ne ke zuwa bakin edita. Wanda ke rubuta sauyin yanayi yau gobe siyasa jibi Kannywood, ba wanda ke tuna shi.

Yanzu abinda ya fi damuna da kalaman ki, kin ce kina son ki yi wa manufofin duniya hidima. Ki yi hattara a nan don nan ne da yawa suka zame ba su sani ba. Abuja cike take da ƙungiyoyi masu zaman kansu, kullum akwai taron bita a otal, a ba ki jaka da biro da kuɗin mota, a ɗauke ki a kai ki ƙauyen da suka haƙa rijiyar burtsatse, a jero miki mata uku da aka riga aka shirya su yi godiya, ki dawo ki rubuta. Wannan talla ce, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi aikin talla, suna ma biya fiye da gidan jarida, amma a kira shi da sunan sa. 'Yar jarida ita ce wadda za ta koma ƙauyen bayan wata shida ita kaɗai ta ga ko rijiyar na kawo ruwa. Ranar da kika gano ƙungiyar da ke yaƙi da abinda ke ma kike ƙi ta cinye kuɗin tallafi ko ta ƙara sifili a alƙaluman ta don a ƙara mata kuɗi, za ki iya rubutawa? In amsar a'a ce to gara ki nemi aikin jami'ar yaɗa labarai tun yanzu ki huta.

Kuma ki san cewa bayyana gaskiya rabi-rabi na iya yin ɓarna. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara wajen 200, 11 suka rasu wasu suka nakasa. Jaridar Washington Post ce ta tono maganar a ƙarshen 2000, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009. Aikin jarida ne na gaske. Amma a unguwannin mu labarin ya iso ne a matsayin Turawa na kashe mana yara da magani, ba wanda ya zauna ya warware wa mutane da Hausa bambancin gwajin magani da allurar rigakafi, wannan rashin yardar na cikin abinda ya taimaka aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har wasu ƙasashe, Najeriya ba ta samu shaidar rabuwa da ita ba sai 2020. Shi ya sa nake ce wa duk yaran da ke aiki a ƙarƙashi na, duk binciken da ka yi da Turanci ka nemi hanyar mayar da shi Hausa, a rediyo ko gajeren bidiyo ko saƙon murya da za a tura a WhatsApp, ka koma wa mutanen da ka ɗauko labarin a bakin su. Kar Hausar ki ta zama abin kunya a wurin ki, jari ce. BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, DW 1963, RFI 2007, TRT Afrika ta shigo 2023, ga Aminiya, duk suna neman wanda zai iya rubuta Hausa mai kyau ya kuma karanta rahoton hukumar lafiya ta duniya ya gane. Masu haɗa biyun ba su da yawa wallahi, ina ganin takardun neman aiki.

Sai maganar rikici, tunda 'yar Jos ce ke ba za ki kauce masa ba. Kin taso kina jin 2001 da 2008 da 2010, kin ga na Mangu da Bokkos a 2023. Editan da ke zaune a Turai yana son layi ɗaya, Musulmi da Kirista, don shi ne mai karatun sa zai gane, ke kuma kin san akwai filin noma a ciki, akwai burtali, akwai maganar ɗan ƙasa da baƙo, akwai siyasar ƙaramar hukuma, akwai satar shanu da ramuwar gayya, addinin ma yana ciki ba a ce babu ba. Aikin ki ki ƙi yarda a matse shi ya koma layi ɗaya. Adadin waɗanda suka mutu kuwa kar ki taɓa ɗauka a bakin ɓangare ɗaya, ki ji 'yan sanda, ki ji Red Cross, ki ji shugabannin al'umma na kowane gefe, ki ji asibiti, in sun saɓa ki rubuta cewa sun saɓa ki faɗi wa ya ce me. Sannan hoto. A rikicin Yunin 2018 na yankin Barikin Ladi an yi ta yaɗa hotuna a Facebook da ba ma a Filato aka ɗauke su ba, BBC ta bi diddigi daga baya ta nuna yadda suka hura wutar. Koyon bincika asalin hoto da Google ba ya ɗaukar yini guda, kafafen tantance gaskiyar labarai irin su Dubawa da Africa Check na koyar da irin wannan, ki koya kafin ki tafi bautar ƙasa. Kuma jarrabawar ki ta gaske ita ce ranar da waɗanda aka zalunta ba mutanen ki ba ne, waɗanda ake zargi kuma daga unguwar ku suke. Nan ake gane wa ya iya aikin.

In kin shiga sansanin 'yan gudun hijira, ki gaisa tukuna ki zauna a ƙasa yadda suke zaune, ki faɗa wa matar ko ke wace ce, ina maganar za ta fita, cewa ɗan ta da ke Legas zai iya gani a waya, wanda ya kore ta ma zai iya gani. Ki faɗa mata ƙarara ba abinci kika kawo ba kuma magana da ke ba za ta sa a sa sunan ta a jerin masu karɓar tallafi ba, don da yawa suna yarda ne saboda suna zaton hakan. In ta fara kuka ki kashe rikoda. Fuskar yaro ko wadda aka yi wa fyaɗe ba ta fita, ko da edita ya ce hoton ya fi kyau haka.

Maganar mastas, ni a gani na ba yanzu ba. Tallafin karatu na Chevening ma na gwamnatin Ingila sai kina da shekara 2 na aiki kafin ki nema, kuma wanda ya je da rahotanni biyar masu nauyi a hannu ya fi amfana da karatun a kan wanda ya je da digiri kawai. BBC da Al Jazeera kuma ba a fara da su, su ke zuwa su same ki in aikin ki ya fito. Ki fara inda za a bar ki ki taɓa komai, gidan rediyo a Jos ko ƙaramar kafar intanet, in da hali ki nemi a tura ki gidan jarida a bautar ƙasa. Ki riƙa karanta Premium Times da HumAngle da ICIR da Daily Trust da biro a hannu, kina duba mutum nawa aka ji, wace takarda aka samo, ina aka ba wanda ake zargi damar magana. Ki lura Premium Times da aka kafa a 2011 ita ce ta shiga binciken takardun Panama, waɗanda suka fallasa yadda manya ke ɓoye dukiya a waje, a 2016 tare da 'yan jaridun ƙasashe da dama, daga nan Abuja, ba su ƙaura ko'ina ba. Binciken kodin na BBC a 2018 ma 'yar Najeriya ce, Ruona Meyer, ta gabatar da shi, kafin mako ya zagayo gwamnati ta sanar da hana haɗa maganin tarin mai kodin da shigo da shi.

In za ki tura wa edita shawarar labari kar ki rubuta ina son in yi rubutu kan sauyin yanayi, wannan ba labari ba ne, babi ne a littafin makaranta. Ki rubuta sakin layi uku: ga abinda ke faruwa a wuri kaza, ga abinda na riga na gani da ido na da waɗanda suka yarda su yi magana, ga abinda ya rage da kuɗin da zai ci. Shikenan. In mako ya wuce shiru ki tuna masa sau ɗaya, in shiru ki kai wani wurin.

Cin abinci kuwa, ba zan ɓoye miki ba da wuya a farko. Akwai gidajen da ke bin wata da watanni ba albashi, akwai waɗanda katin shaida kawai za su ba ki su ce ki je ki nema, ma'ana ki rayu da ambulan ɗin 'yan siyasa. Wanda ya saba da ambulan ba ya iya binciken ƙwaƙwaf, an riga an san farashin sa. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ƙananan tallafin yin rahoto, cibiyoyin aikin jarida irin su CJID da ICIR da cibiyar Wole Soyinka a nan gida, Pulitzer Center da Earth Journalism Network a waje, sukan buɗe a nema, su biya kuɗin tafiya da masauki wani lokaci har su haɗa ki da gogaggen edita. Amma kar ki jingina rayuwar ki a kan su, kin ga abinda ya faru a 2025, Amurka ta tsuke bakin aljihun hukumar agajin ta USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cak, a watan Maris kuma sashen Hausa na Muryar Amurka da ake ji tun 1979 ya yi shiru. Don haka ki haɗa da sana'ar hannu cikin aikin, ki iya tace bidiyo da sauti a wayar ki, ki iya fassara tsakanin Hausa da Turanci, ki iya Excel ko da tace alƙaluman kasafin kuɗi ne. In 'yan jaridar waje suka ɗauke ki rakiya da tafinta ki yanke kuɗin ki tun kafin a tashi, a rubuce, kuma in ke kika samo mutanen da labarin ki nemi a sa sunan ki, kunya ba ta da wuri a nan.

Sai tsaro, wanda na san shi ne abinda Mama da Baba za su fara tambaya kuma suna da gaskiya. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa a 1986, an harbe Enenche Akogwu na Channels a Kano a Janairun 2012 yana bakin aiki, kuma har yanzu ana kama 'yan jarida da dokar laifukan intanet ta 2015 duk da gyaran da aka yi mata a 2024. Kar ki je rami ko ƙauyen da aka kai hari ke kaɗai, ki samu ɗan gari da aka yarda da shi, ki fara da gaida mai unguwa, wani a gida ya san inda kike da ƙarfe nawa za ki kira, ki baro wurin kafin la'asar. Ki riƙa tura hotuna da sautin ki wani wuri kafin ki kama hanya don ana ƙwace waya a shingen hanya. Duk rahoton da ya ambaci sunan mai kuɗi ko mai muƙami kar ki sake shi a shafin ki, ki bi ta gidan jaridar da ke da edita da lauya. Su iyaye kuma kar ki je musu da maganar ceton duniya, ki kai musu rahoton ki na farko su ji muryar ki ko su ga sunan ki, ki nuna musu tsarin tafiyar ki da lambar editan ki. In kin rubuta sakin layi ukun nan kan kuza ko dankali ki turo min ta inda kika turo tambayar, zan duba in gaya miki wane edita ya dace ki kai wa.